Harshen Algaita

Lahadi, bayan sallar Asuba

Kwana goma sha bakwai ke nan Baba bai ce uffan ba.

A bayan littafin awon ɗinki nake rubuta wannan, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Gwaggo Fatna, ƙanwar Baba, ta zo daga Jazira tun ranar uku ta zauna da mu, amma ita da ka fara mata magana sai ta riga ka kuka, ka koma kai ke ba ta haƙuri.

Yana zaune a rumfar tsakar gida, a kan gadon igiya, fuskarsa na kallon ƙofa. Sallah yana yi a zaune, leɓe na motsi babu sauti. Shayi yakan kurɓi rabin kofi. Kisra, siririyar wainar dawar nan, in na jiƙa masa da miya yakan ci loma biyu don ganin idona, sai ya ture kwanon da bayan hannu. Mutumin da in yana ba da labari a gidan nan maƙwabta ke ji ta katanga har su yi masa gyara.

Masu gaisuwa in sun shigo sukan ɗaga hannu su ce Fatiha, kowa ya ɗaga tare da su, kamar yadda ake yi. Baba nasa hannun na kan gwiwa. Bai ɗaga ba ko sau ɗaya tun ranar da maza suka fita da Muhannad a kafaɗa suka dawo babu shi.

Muhannad ƙanena ne, autan Baba. Ni na goye shi. To, na rubuta sunan, ya isa na yau.

Litinin, da Azahar

Kofi huɗu na wanke na jera. Mu uku ne.

Laraba, bayan La'asar

Na buɗe shago yau, karo na farko. Ɗinkin mutane ya taru, kuma zaman gida ya fara cina. Daga Dar Salam, unguwarmu a Omdurman, zuwa Kasuwar Libiya ba wani nisa, amma na sa mai raksha, babur mai ƙafa uku, ya sauke ni ta wajen masu barguna na zagayo da ƙafa, don kada in bi ta layin masu gyaran waya. An ce har wani ya baza kayansa a kan teburin ƙanena. To, kasuwa ba ta jiran kowa.

Wata ta zo, doguwa siririya, da 'yar baƙar jaka rungume a ƙirji. Mayada sunanta, Larabci kaɗai take ji. Da ta ga farin tob, lulluɓin makoki, a jikina ba ta tambaye ni komai ba, ta ajiye jakar ta ɗaga hannu, muka yi Fatiha, ta zauna. A nan ta shiga raina. Na gaji da masu son a ba su labari daga farko.

Doguwar riga take so, baƙa wuluk, ba ado ko na allura ɗaya. Na ce wannan ai ko abaya ta fi ta fara'a. Ta yi dariya ta ce kayan aiki ne. Ita mai busa ce, Asabar ta uku mai zuwa suna da wasa a Hartum, makaɗa kusan arba'in, duk baƙi suke sawa, kuma ita za ta tsaya a gaba.

Da na zo awon ciki sai ta ce in dakata. Ta ja numfashi, ta ja, ta ja, har haƙarƙarinta suka buɗe, ta yi mini alama da ido: yanzu auna. Yatsa huɗu suka ƙaru. Ta ce in na matse mata nan na kashe ta, da ciki take busa.

Sai da na ajiye tef ɗin na ɗan juya mata baya. Haka Inna, Allah ya jiƙanta, take faɗaɗa wuyan rigunan Baba.

Alhamis, da hantsi

Alhamis ce. Ban fita ba.

Asabar, bayan Magariba

Mun kai shi asibiti. Likita ya haska masa baki da fitila, ya sa ya ɗaga hannu, ya bi yatsa da ido, ya fito da harshe. Baba ya yi duk abin da aka ce kamar ɗan makaranta. Likita ya ce ba shanyewar jiki ba ce, harshensa lafiya lau, maganar ce dai ba ya so. Ramar ita ta dame shi. Ya ce in bai fara cin abinci ba nan da mako biyu sai an kwantar da shi an sa masa ruwa, kuma tsoho irin wannan in ya kwanta... Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Gwaggo ta karɓo rubutu a wurin wani malami, Baba ya sha. Ta cika gidan da turaren wuta har ido na yaji. Ta durƙusa a gabansa ta ce, “Yaya Zailani, ka yi magana mana, ko zagi ne.” Shiru.

Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Da nake gyara masa matashi na ce, “Baba, ni ma fa 'yarka ce, kuma ina nan.” Ya kalli ƙofa.

Allah na tuba. Bai kamata in faɗa ba. Amma ban janye ba.

Litinin, bayan La'asar

Mayada ta zo gwaji. Ta ce ba za ta san rigar ta yi ba sai ta busa a cikinta. Ta buɗe jakar nan, sai ga wani baƙin abu gunduwa uku, an yi masa ado da maɓallan azurfa. Obo sunansa. Ta fito da wani ɗan akwati, a ciki an jera 'yan karare sirara, ta ɗauki ɗaya ta tsoma a kofin ruwana ba ko sallama. Da ya jiƙa ta sa a baki shi kaɗai ta hura. Ya yi wani ɗan ƙara, ƙiiit, kamar ɗan tsako.

Shekara goma sha biyu rabon da in ji wannan ƙarar.

Ta ce risha suke ce masa, wato gashin tsuntsu. Na ce mu a gidanmu harshe muke ce masa, haka Baba ke kiransa, don ya ce algaita da babu shi bebiya ce. Ta tambayi mece ce algaita. Ikon Allah, mace tana riƙe da jikar abu ba ta san kakarsa ba. Na kwatanta mata iya iyawata.

Sai ta haɗa abin ta busa kaɗan. Mai shayin layinmu ta tsaya da buta a hannu. Wallahi algaita ce, sai dai wadda ta yi makaranta ta koyi magana a hankali. Ko kumatu ba ta kumbura ba. Ta ce a kowane wasa obo ce ke fara ba da murya, ɗaya tak doguwa, sauran kayan kiɗan duk su daidaita da ita. Kuma a cikinsu ita kaɗai ce mai obo.

Rigar na ɗan kama ta a hammata. Zan saki.

Talata, bayan Magariba

Bari in rubuta wannan don kada ya ɓace.

Kafin mu dawo Omdurman a Jazira muke, a kambo, rugar leburori da ke gefen gonakin auduga. Da rana Baba lebura ne kamar kowa. Amma in ana biki ko suna, ko ranar da aka gama tsinkar auduga, shi ne Zailani mai algaita, har daga wasu kambon ake zuwa ɗaukarsa a kan jaki. Algaita magana take yi. Wanda ba ya jin Hausa shi ke ɗauka ƙara ce kawai. Mu kalma muke ji, ɗaya bayan ɗaya, kamar mutum na faɗa da baki.

Kowa a gidanmu da takensa. In Baba na neman mutum ba ya ɗaga murya, busawa yake yi, ko kana can bakin kwata ka ji ka taho. Na Muhannad murya ce doguwa, ya ja ta ya ja ta, sannan ta sauko taki uku: Auta, Auta, rana ta faɗi, zo gida. Yaron na cikin ruwa tsirara yana iyo, da ya ji sai ka gan shi ya sheƙo da gudu, wando a hannu.

Nawa kuwa? Asma'u, kawo ruwa. Shi ke nan. Shi an ba shi rana da gida, ni an ba ni aike. Da na ji farkonsa nake sungumar kofi in nufi randa ina ƙunƙuni. Na sha yi wa Inna ƙorafi, sai ta yi dariya ta ce ke dai kin cika gaggawa.

Da Inna ta rasu ya naɗe algaitar a tsumma ya sa a akwati. Ya ce dama masu biki sun koma organ, kiɗan lantarki, kuma haƙora sun fara gudu.

Abin da ya sa na tuna: ɗazu da rana ta yi ja, na lura da hannun Baba a kan gwiwa. Yatsunsa na motsi. Na tsaya da tsintsiya ina kallo. Su danne su daɗe, sannan su ɗaga ɗaya, biyu, uku. Su sake. Ashe kwana ashirin da shida ke nan kullum magariba yana kiransa, ni ina cewa shiru ya yi.

Alhamis, da Azahar

Alhamis. An ce an rufe gadar Hartum. Ina ruwana.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na fito da algaitar daga akwati. Fatar jikinta ta bushe ta tsage, bakin ƙarfen ya yi tsanwa, harshe kuwa babu, ya ruɓe tuntuni. Na goge ta da man gyaɗa na ajiye masa a gefen gado ban ce komai ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya juya fuska bango. Da na dawo daga wanke-wanke ya rufe ta da bargo.

Gwaggo ta ce na fama masa ciwo. Wataƙila.

Lahadi, da safe

Loma ɗaya jiya. Da na ɗaga shi zuwa alwala ban ji nauyin komai ba.

Litinin, bayan La'asar

Mayada ta karɓi riga. Ta juya a gaban madubi, ta ja numfashin nan nata, ta ce yanzu ta samu wurin zama a ciki. Sai ta miƙo mini kati uku masu ruwan zinariya, ta ce in kawo mai algaita. Ƙarfe biyar na yamma za a fara, sun matso da shi don mutane su koma gida da wuri.

Na gaya mata ba ya magana, ba ya ci. Ban gaya mata dalili ba. Ta ce ai ba magana za a sa shi ba, zama ne kawai.

Sannan ta karanta mini dokoki. Nata kiɗan kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, sai mai sauri kuma. Tsakanin kashi da kashi za a yi shiru, kuma shirun ma cikin kiɗan yake. Ba tafi, ba guɗa, ba a tashi, ba a magana, ko tari in da hali a haɗiye. Sai an gama duka. Na ce to in mutum ya ji daɗi fa, ya yi yaya? Ta ce ya riƙe. Na ce lalle, ku kuna da aiki. A wurinmu mai busa in ya busa ba a amsa masa ba, ai an wulaƙanta shi.

Zauren yana Hartum, a bakin Nilu. Sai an haye gada. Ban haye ta ba tun ranar.

Talata, bayan Isha'i

Mun yi da Gwaggo. Ta ga katin ta tambaya, na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce ko arba'in ba a yi ba zan kwashi tsoho in kai shi gidan kiɗa? Me mutanen Dar Salam za su ce? Farin tob a jikina? Na ce mutanen Dar Salam sun zo sun sha shayi sun tafi, ba wanda ya iya sa masa loma a baki. An yi rubutu, an yi turare, an yi likita. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ta ce ba ni da kunya tun ina ƙarama. Na ce a wurinta na gada.

Ta yi kuka, na yi kuka. Daga baya ta tambaya ko akwai matakala a wurin, don gwiwarta.

Alhamis, da hantsi

Alhamis. Na wanke jallabiyar Baba da rawaninsa. Aiki ya fi zama.

Juma'a, bayan La'asar

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ce, Baba, akwai wata yarinya mai busa algaitar Turawa, ba ta kumbura kumatu, kuma wai ita gwana ce. Na ce ni dai ban yarda ba, ina so wanda ya san abin ya je ya ji. Na ce gobe ne, a Hartum.

Da na ce Hartum idonsa ya motsa. Bai ce e ba, bai girgiza kai ba. Na ɗauka e ne.

Asabar, da safe

Yau wa'adin likita ya cika. Gada a buɗe take. Ya Allah.

Asabar, bayan Isha'i

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Motar haya muka ɗauka tun daga ƙofar gida. Da muka hau gada na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, ina ƙirga ramukan titi da jikina. Gwaggo na ta salati. Baba kuwa bai sunkuya ba. Ya manna goshi a gilashi yana kallon gefen da masu ƙafa ke bi, tun daga wannan baki har wancan.

Zauren sanyi kamar cikin firji, kujeru ja, mutane sun kai ɗari uku, kowa na ƙanshi yana magana ƙasa-ƙasa. Mu uku muka shiga kamar an jefo mu. Gwaggo ta ɓoye dabino da gorar ruwa a cikin tob, wai ba ta yarda da wurin da ba a ba baƙo komai ba. Aka zaunar da mu layi na biyar, Baba a tsakiya.

Makaɗan suka fito suka zazzauna. Masu goge sun fi yawa, ƙanana a kafaɗa, manya a tsakanin gwiwa, can baya masu ƙaho da mai manyan ganguna. Na hango Mayada a tsakiyarsu cikin ɗinkina, kafaɗar ta zauna daidai. Aka yi tsit. Sai ta ba da muryar nan guda ɗaya, doguwa.

Baba ya ɗago kai.

Sauran suka bi ta, kowa na gyara nasa, hayaniya ta kaure. Gwaggo ta raɗa mini, wai wannan ne kiɗan da muka biya mota dominsa? Na taka mata ƙafa. Wani mutum mai 'yar sanda ya fito, aka tafa, ya juya mana baya, suka fara. Kiɗan farko ba nata ba ne, ban riƙe komai a cikinsa ba, Baba nake kallo. Ya koma ya lafe a kujera.

Sannan Mayada ta taso ta tsaya a gaba. Kashi na farko gudu ne, yatsunta kamar ba nata ba, ita ta faɗa masu goge su maimaita, ta sake faɗa su sake maimaitawa. Baba ya karkata kunne. Da suka tsaya aka yi shirun nan, na riƙe hannun Gwaggo don kada ta tafa.

Sai kashi na biyu. Masu goge suka fara can ƙasa, a hankali. Ta ja numfashi, na ga rigar ta cika. Ta ɗauki murya ɗaya ta riƙe, ta riƙe, har na ji nawa numfashin ya ƙare ita ba ta saki ba. Sannan ta sauko. Taki ɗaya, biyu, uku.

Ba shi ba ne daidai. Na san wani Bature ne ya tsara abinsa tun kafin a haifi kakanmu, bai san kambo ba, bai san mu ba. Amma kunnena bai ji Bature ba. Auta, Auta, rana ta faɗi. Gwaggo ta damƙe mini tsintsiyar hannu har yanzu da shatin farcenta, ita ma ta ji. Na dubi Baba, yatsunsa na tafiya a kan gwiwa, kumatunsa sun kumbura, wuyansa ya cika wuyan jallabiya.

Ta zaga ta dawo kansa. Ta sake zagawa ta dawo. Na ukun can ƙasa ta yi shi, kamar mai kira a bakin ƙofa da ta san ba kowa a ɗakin. Muryar ta sirance ta ɓace. Mai sanda ya tsaya da hannu a sama. Mutum ɗari uku, ko tari babu.

A cikin wannan shirun Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ni da nake ɗaga shi zuwa alwala. Muryar ta fito a dushe, amma ta kai bango ta dawo.

“Yarinya, ya isa. Ba zai amsa ba. Na kira shi kafin ke, kwana talatin da bakwai. Auta ya tafi. Bar shi ya huta.”

Kawuna suka juyo. Wani mai kwat a gabanmu ya yi tsaki ya sa yatsa a baki. Wani ma'aikacin wurin ya taho da sauri ta gefen kujeru. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, kunya da murna da wani abu na uku duk sun haɗe mini.

Sai Baba ya ɗaga hannu biyu, tafi a sama.

Ba wanda ya ji Hausarsa a zauren nan, amma wannan kowa ya san shi. Ma'aikacin ya tsaya cak. Mayada ta maƙale obo a hammata ta ɗaga nata. Mai kwat ɗin ya dubi tsohon, ya dubi farin tob ɗina, ya sauke yatsa ya ɗaga. Ba kowa ba, amma da yawa, layi bayan layi, har wasu masu goge suka kwantar da gogensu a cinya. Na ji zauren na motsa leɓe. Na ɗaga nawa. Muka shafa.

Baba ya zauna. Mai sanda ya dubi Mayada, ta share ido da bakin hannun rigar da na ɗinka mata, ta gyaɗa kai, suka shiga kashi na uku. Ban ji ko ɗaya ba. Da aka gama aka tashi ana tafi, Gwaggo ta saki guɗa, ban hana ta ba.

A mota ba wanda ya yi magana har muka sauka daga gada. Ina tsoron ko shi ke nan, ya faɗi nasa ya koma. Sai ya ce, yana kallon gaba, yarinyar tana da hannu, amma ba ta san ajiye iska a kumatu ba, shi ya sa take yanke magana ta sha numfashi. Can kuma ya ce, “Fatna, dabinon nan da kike ɓoyo, miƙo.”

Bakwai ya ci. Na ƙirga ƙwallayen.

Lahadi, bayan La'asar

Mayada ta zo har Dar Salam, ta yi ta tambaya kafin ta gane gidan. Na fara ba ta haƙurin ɓata mata wasa, ta ce in bar wannan maganar. Abin da ya kawo ta, tana so ta san me ya ce mata.

Muna tsaye a zaure. Dole na juya mata shi da Larabci, kalma kalma. Da na zo kan “ya tafi” ta tambaye ni, ina ya tafi? Na buɗe baki na faɗa. Da Larabci ya fi sauƙi, kamar maganar wani gida ce. Yanzu bari in rubuta da harshen da na goye shi da shi.

Muhannad ya rasu. Ƙanena ya rasu ranar Alhamis, a kan gada, yana da shekara ashirin da huɗu.

To. Na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ta shiga ta gaida Baba, ta durƙusa ta miƙa masa risha ɗaya a tafin hannu. Ya juya ta, ya duba ta a rana, ya ce harshen Turawa siriri ne, da ganinsa ba zai iya kiran mutum daga gona ba. Na fassara, ta yi dariya har da hawaye. Amma bai mayar mata ba, ya soke shi a rawani. Da azahar ya ci kisra rabin kwano, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai yau.

Talata, bayan Magariba

An yi arba'in. Baba ya zauna a waje tare da maza, duk wanda ya zo shi ke riga shi ɗaga hannu. Da rana ta yi ja na leƙa ta ƙofa. Hannunsa na kan gwiwa, a kwance.

Gwaggo jibi za ta koma Jazira. Ta ce wa matan unguwa asibiti muka je ranar Asabar, kuma ni ban ga ƙarya a ciki ba.

Alhamis, da hantsi

Alhamis ce. Na raka Gwaggo tasha na dawo, na zauna a keken gida ina ƙarasa wani ɗinki. Tun jiya Baba ya karɓi reza da ragowar baƙin zaren rigar Mayada, yana ta sassaƙa yana naɗi a rumfa, bai ce ga abin da yake yi ba.

Ina cikin taka keke na ji ƙiiit. Na tsaya. Sai ga shi, a karye, a shaƙe, iska na zuba ta ko'ina, amma shi ne. Asma'u, kawo ruwa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Shekara talatin da tara gare ni, sai ga ni a bakin randa da kofi, har ina zubarwa a ƙafa. Na kawo na durƙusa na miƙa. Bai karɓa ba. Ya cire algaitar daga baki yana haki, ya ce, “Wa ya aike ki? Zauna. Ke tun kina yarinya ba ki taɓa tsayawa kin ji ƙarshensa ba.”

Na zauna da kofin a hannu. Ya huta, ya cika kumatu, ya sake ɗaukowa daga farko. Ashe akwai saura, taki biyar, ban taɓa jin su ba, kullum ina can bakin randa ina ƙunƙuni. Sau biyu ya busa kafin kunnena ya kama kalmomin.

Asma'u, kawo ruwa. Inda kike ba ƙishi.

Na ce, “Na'am, Baba.”

Ya ce to yanzu ba ni ruwan, busa ta sa ni ƙishi. Ya shanye, ya miƙo kofin in ƙaro.